Kafin Ban-ɗaki Ya Yi Amai

Zancen namu na yau ba mai ƙamshi ba ne, don haka wadda take cin abinci ta yi haƙuri ta ɗan rufe kwanonta. Ban-ɗaki za mu shiga, mu bi bututun da ke binne a ƙasa har zuwa ramin da muke kira sokawe, mu ga abin da ke sa wata rana a wayi gari ƙazanta ta dawo ta cika kwano, wani lokaci ma har ta malalo tsakar gida.

Abin da nake so ki riƙe tun daga farko shi ne, ban-ɗaki ba ya yin amai dare ɗaya. Yakan yi makonni, wani lokaci watanni, yana ba da alama. Duk gidan kuwa babu wanda ya kai ki damar ganin alamar nan. Maigida ya fita tun safe sai dare, yara suna makaranta, ke ce kike nan da hantsi lokacin da gida ya yi tsit, ke kike jin ƙarar da bututu ke yi, ke kike wanke wurin. Ba ke za ki ɗauki diga ki haƙa ƙasa ba. Amma in kin iya gane inda matsalar take, kin rage wa maigida kuɗin da zai kashe, kin kuma rage sintirin maza ma'aikata a cikin gida, yau a shigo da wannan ya duba ya tafi, gobe a kawo wancan, ke kuwa kina ƙunshe a ɗaki da yara girki yana jiran ki.

Bari mu fara da sanin hanyar da ƙazantar ke bi. Ko ban-ɗakinki na zama ne, ko na tsuguno wanda ake kora wa ruwa da bokiti, in kin leƙa za ki ga kullum akwai ɗan ruwa kwance a ƙasan kwanon. Wannan ba kuskuren magini ba ne. A daidai wurin an lanƙwasa bututun ne da gangan, ruwan da ya tsaya a lanƙwasar shi ke tare wari da ƙuda da kyankyaso kada su taso daga rami. To, wannan lanƙwasa ita ce wuri mafi ƙunci a tafiyar duka, kuma a nan yawancin abin da aka jefa yake maƙalewa. Daga nan sai babban bututu, wanda galibi faɗinsa inci 4 ne, wato ya ɗan fi tafin hannunki kaɗan. An kwantar da shi a ƙasa da ɗan gangare. Babu wani inji da ke tura ƙazantar, ruwa ne kawai ke ɗaukar ta ya gangara da ita. A kan hanya akwai wani ɗan akwatin siminti mai murfi, magina suna ce masa camba. Ki leƙa bayan ban-ɗakinku ko gefen bango za ki gan ta, wataƙila ma a kanta kike ajiye turmi. Ita ce tagar da ake leƙa cikin bututu ba tare da an fasa ƙasa ba.

Daga camba sai rami. Abin da muke haɗewa mu kira sokawe, in an gina shi yadda ya kamata, rami biyu ne. Na farko an shafe cikinsa da siminti, ba ya tsotsewa. A cikinsa abu mai nauyi ke nutsewa ƙasa ya zama baƙar laka, mai da kumfa su taso sama, ruwa ya tsaya a tsakiya. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya iya gani, su ke cinye ƙazantar suna rage ta. Ruwan tsakiyar nan shi ke tsallakawa zuwa rami na biyu, wanda aka bar wa ƙofofi a tsakanin bulo don ƙasa ta shanye. Gidaje da yawa a garuruwanmu rami ɗaya tak aka yi musu don tsimin kuɗi, irin wannan kuwa ya fi saurin gajiya.

Akwai tambaya guda da ya kamata ki yi wa maigida ki san amsarta: ruwan wanka da na wanke-wanke a gidanku ina yake zuwa? A wasu gidaje ta rariya yake fita zuwa kwata, babu ruwansa da bututun ban-ɗaki. A wasu kuma, musamman sababbin gine-gine da gidajen sama, duk an haɗe su wuri guda. In na ku a haɗe yake, to duk abin da kika zuba a wurin wanke-wanke zai je ya gamu da abin da ya fito daga ban-ɗaki.

Yanzu ga alamomin. Ta farko ita ce nawa. Kin kora ruwa, maimakon ya wuce fuu, sai ki ga ya taso har kusa da baki, ya tsaya yana juyi, sannan ya sauka a hankali. Mukan ce ai ya wuce dai, mu fita. Bai wuce lafiya ba, 'yar uwa, hanya ce ta fara tsukewa. Sai kuma ƙara. Za ki ji wani ɓul-ɓul daga kwanon ko daga rariyar wurin wanka, irin ƙarar da tulu ke yi in an nutsa shi a ruwa. Iska ce ta rasa hanyar wucewa take dawowa ta inda ta samu. Wani lokaci babu kowa a ban-ɗakin ma za ki ji, saboda an zuba ruwa a wani ɓangaren gidan. Haka nan in kin ga ruwan nan da ke kwance a ƙasan kwano ya ragu ba kamar yadda kika saba gani ba, kuma wani wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai yana tasowa duk da kin wanke wurin fes, kada ki tsaya kunna turaren wuta. Turare zai rufe warin, ba zai buɗe bututu ba.

Alamar da ta fi kowacce muni ita ce a kora ruwa a nan ya ɓullo a can. An kora a ban-ɗakin maigida, sai ga ruwa mai duhu yana tasowa ta rariyar wurin wankan yara. Ruwan da ya rasa hanya yakan nemi ƙofar da ta fi kusa da ƙasa ne ya fito. Shi ya sa a gidan sama mutanen ƙasa ke shan wahalar, ko da kuwa abin da ya toshe daga sama aka jefo shi. In abin ya kai nan, saura ƙiris.

Ki kuma riƙa kai ido wajen ramin kansa. Ƙasar wurin tana da danshi alhali ba a yi ruwa ba? Ciyawa ta yi kore shar a kansa cikin bazara, ko'ina kuwa ya bushe? Ƙuda sun yi sansani a wurin? Duk magana ce ramin yake yi miki.

To, yaya za ki gane inda toshewar take? Wannan shi ne zuciyar zancenmu, ki saurara da kyau. In kuna da ban-ɗaki fiye da ɗaya, ki gwada su duka. Idan ɗaya ne kaɗai ke nawa, sauran lafiya lau, toshewar tana kusa, galibi a lanƙwasar nan ta ƙasan kwano. Wannan ƙaramin aiki ne, sau da yawa ke da kanki za ki iya. Idan kuwa duka suna nawa, ko suna amsa wa juna da ƙara, abin ya wuce kwano, yana babban bututu ko a rami.

Daga nan sai camba ta raba gardama. Ki sa maigida ko babban ɗanki ya ɗaga murfin, ke kuma ki kora ruwa daga ciki. In camba ta kasance babu komai a ciki, ruwan da kika kora bai iso ba, ko kuma ya iso yana ɗiga kaɗan-kaɗan, toshewar tana tsakanin ban-ɗaki da camba. In kuwa an ɗaga murfi aka tarar da ita cike da ruwa a tsaye, to daga ban-ɗaki zuwa nan lafiya, matsalar tana gaba, ko dai bututun da ya tashi daga camba zuwa rami, ko ramin ne ya daina karɓa. Kin ga ke nan in maigida ya dawo ba za ki ce masa "ban-ɗaki ya lalace" kawai ba. Sai ki ce, "Malam, duka biyun ne ke nawa, kuma camba a cike take." Da wannan zai san ko mai gyaran famfo zai kira ko motar kwasa, ba zai biya ɗaya kuɗin aikin ɗaya ba.

A nan akwai wani abu da ke ruɗa mutane har su yi asarar kuɗi. Ramin farko, mai siminti, kullum a cike yake da ruwa har zuwa bakin bututun da ke fita. Haka aka gina shi ya zauna. Don an leƙa an ga ruwa ya kusa sama, ba shi ke nuna lokacin kwasa ya yi ba. Abin dubawa shi ne kaurin lakar da ta kwanta a ƙasa. Ana samun doguwar gora, a naɗe ƙasanta da farin tsumma, a zura har ta taɓa ƙasan ramin, a bar ta 'yan mintoci sannan a zaro a hankali. Inda baƙin ya tsaya a jikin tsumman, nan lakar ta kai. In ta kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin ruwan, a fara shirin kiran mota. Yawanci hakan kan ɗauki shekara 2 zuwa 5, amma gidan da ke da mata uku da 'ya'ya ashirin ba zai yi lissafi da gidan amarya da ango ba. Wannan gwaji aikin babban namiji ne, daga tsaye, ba tare da ya cusa kansa a bakin ramin ba. Zan faɗi dalili nan gaba.

In kuma an kwashe rami, bayan 'yan makonni ban-ɗaki ya koma gidan jiya, kada a sake kiran mota a zubar da kuɗi. Ramin tsotsar ne ya mutu, maiƙo da laka sun liƙe jikin ƙasar ba ta shan ruwa. Sai dai a gyara shi ko a haƙa sabo. Da damina ma, wajen watan Agusta in ƙasa ta ƙoshi da ruwa, ramin kan yi nawa ko da lafiyarsa ƙalau, musamman a unguwannin da ke kan laka ko kusa da fadama. A irin wannan lokaci sai a rage ruwan da ake tura masa, a kuma tabbatar ruwan indararo ba ya kwarara kansa.

Mu dawo ga abin da ke hannunmu mu mata, wato abin da ke shiga bututun tun farko. Zan fara da wanda muke jin nauyin faɗa. Audugar mata. Ki tambayi duk mai gyaran famfo abin da ya fi zaƙulowa, za ki ji ta a sahun gaba, ita da ƙunzugun yara na zamani irin su Pampers. Waɗannan abubuwa an yi su ne musamman don su sha ruwa su riƙe, ba don su narke ba. A cikinsu akwai wani gari da ke kumbura ya zama kamar kamu in ya jiƙa, bayansu kuma leda ce. In ɗaya ta shiga lanƙwasa sai ta kumbura ta zauna daram, duk abin da ya biyo baya ya taru a kanta.

Na san dalilin da ke sa ake jefawa, ba ƙazanta ba ce kuma ba rashin hankali ba ne. Kunya ce. Budurwa ba ta so ƙannenta ko yayyenta maza su gani a shara. Amarya a gidan surukai ba ta san inda za ta kai ba. Wata kuma tsoro take ji kada abin ya faɗa hannun wanda zai yi mata mugun abu da shi, musamman a gidan da zama bai yi daɗi ba. Duk na ji. Amma ki duba inda abin ke ƙarewa: abin da kika ɓoye wa mutum ɗaya, ranar da aka buɗe camba namiji baƙo ne zai zaro shi da ƙarfe ya ajiye a tsakar gida, gaban maigida da yara. Sannan a shiga ba ni ba ce, ba 'yata ba ce, zaman lafiyar wata guda ya tafi. Mafita mai sauƙi ce. A ajiye ƙaramin bokiti mai murfi a ban-ɗaki, da leda baƙa a ciki. Wadda ta gama ta naɗe a takarda, ta ƙulle, ta jefa. Wadda hankalinta bai kwanta da shara ba, ta tara nata ta ƙone a gwangwani, nesa da murhu da yara, ko ta binne. Uwargida, ke za ki koya wa 'yarki wannan tun ranar da ta fara, kada ki bari sai ta toshe gida sannan a yi mata faɗa a gaban kowa. Ƙunzugun jariri kuwa, a kakkaɓe kashin a ban-ɗaki, shi kuma ƙunzugun ya tafi bokiti.

Haka tsumman nan mai danshi da ake goge wa jarirai jiki. Ko an rubuta a jikin ledarsa cewa ana iya korawa, kada ki kora, ba ya narkewa kamar takardar ban-ɗaki. Gashin da kika taje, da guntun gashin kanti bayan an tsefe kitso, da zare, da ledar da aka ɗaure lalle, da ledar fiya wata, da guntun soso, duk waɗannan su ke zama raga a cikin bututu. Yara kuma sai an sa ido. Ɗan shekara biyu yana jin daɗin ganin ruwa ya haɗiye murfin kwalba ko takalmin 'yar tsana. A riƙa rufe ƙofar. Manyan kuma a hana su tsarki da takardar littafi, ko tsinke, ko dutse a ban-ɗakin ruwa. A salga ta gargajiya abin zai faɗa rami kai tsaye, a nan kuwa sai ya bi lanƙwasa.

Sai maiƙo. Man ja, man gyaɗa, man shanu, romon nama, duk suna shiga bututu a narke, su tarar da sanyin ƙasa su daskare a jikinsa. Yau kaɗan gobe kaɗan, bututu mai inci 4 ya koma kamar bakin kwalba. Lokacin Babbar Salla abin ya fi ƙamari, ga suyar nama, ga kakiɗe, ga wankin kayan ciki, ga kuma baƙi cike da gida. Kada ki ɗauka wannan ƙaramin abu ne. A shekarar 2017, a gabashin birnin Landan, ma'aikata sun tarar da wani curin kitse haɗe da tsummokin goge jiki da ƙunzugun yara ya toshe babbar magudanar ƙarƙashin ƙasa. Nauyinsa ya kai tan 130, tsawonsa mita 250, sai da suka yi makonni 9 suna sarar sa kamar dutse. Magudanar da mutum ke iya shiga ciki ke nan, ina ga ɗan bututun gidanmu? Kafin ki wanke tukunyar miya ko kaskon suya, ki tsiyaye man a gwangwani, ki goge sauran da takarda ko dusa. Sauran tuwo, da ƙanzo, da tsakin gasara, su tafi wurin kaji ko akuya. Ban-ɗaki ba bola ba ce.

Akwai kuma wani abu namu na nan da ba kasafai ake ambata ba: yashi da toka. Muna goge bayan tukunya da su, muna wanke tsakar gida bayan ƙurar hunturu mu tura ruwan ta rariya, muna zubar da ruwan rege shinkafa da tsakuwarsa. Yashi ba ya narkewa kuma ba ya tafiya, kwanciya yake a ƙasan bututu, in ya gamu da maiƙo ya zama kamar siminti. Ki bar ruwan ya kwanta a bokiti, ki tsiyaye na sama, ki zubar da na ƙasan a gindin bango. Rariya kuma a sa mata 'yar raga.

Wani dalilin kuma shi ne ƙarancin ruwa, kuma a nan ba na ganin laifin kowa. Gidan da ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa dole ya yi tsimi. Amma tankin ban-ɗaki na zama yakan saki lita 6 zuwa 9 a lokaci guda, butar alwala kuwa da ƙyar take cin lita 2. In an kora da buta, kwano zai yi tsabta a ido, amma ƙazantar ba ta kai rami ba, ta tsaya a tsakiyar bututu ta bushe. Gobe wata ta zo ta taru a kanta. Ba sai kin sayi ƙarin ruwa ba. Ruwan ɗauraya na wanki ya isa, ki tara shi a bokiti mai murfi inda yara ba za su kai ba. Kuma a zuba shi gaba ɗaya da ƙarfi, ba a tsiyaya a hankali ba, domin ƙarfin zubowar shi ke tura kayan.

Wasu matsalolin ba daga gare ki suke ba. Darbejiya ko mangwaro ko ceɗiya da ke kusa da layin bututu sukan tura saiwa su nemi danshi, su shiga ta mahaɗa su cika ciki. Alamar wannan ita ce a buɗe yau, bayan wata uku ko huɗu ya sake toshewa a wuri ɗaya. Mota in tana tsayawa a kan bututun roba da ba a binne da zurfi ba tana iya murƙushe shi. Wani kuma tun wurin gini aka kwantar da shi babu isasshen gangare. Waɗannan sai an tona. Ki kuma ɗaga kai ki duba siririn bututun nan da ya miƙe sama a jikin bangon ban-ɗaki. Na numfashi ne. In tsuntsu ya yi sheƙa a ciki, ko wani ya toshe shi da tsumma don wari, shi ma yana kawo ƙara da nawa. Raga ake ɗaura masa, ba a toshe shi.

To, in abin ya riga ya faru fa? Da farko a daina kora ruwa. Mukan yi ta dannawa muna fatan na biyu ko na uku zai wuce, shi ne kuwa ke sa ya malalo. Ki rufe ɗan famfon da ke kai ruwa tanki, ki sanar da mutanen gida, ki kawar da yara. In kwano ɗaya ne ya toshe, ki zuba sabulun ruwa ko garin wanki kamar rabin kofi, ki bi shi da ruwa mai ɗumi, ki bar shi minti 20 zuwa 30. Mai ɗumi na ce, ba tafasasshe ba, domin tafasasshen ruwa na iya tsaga kwanon tangaran. Sannan ki ɗauko robar nan mai kama da ƙoƙo da aka sa wa sanda, ana sayar da ita a shagunan kayan famfo kuma ya kamata kowane gida ya mallaki ɗaya. Ki kifa ta a kan ramin kwanon yadda ruwa zai rufe ta, ki danna a hankali da farko don iska ta fita, sannan ki yi ta dannawa kina ja da ƙarfi sau 15 zuwa 20. In ya buɗe za ki ji ya zuƙe. In kin yi zagaye biyu ko uku bai motsa ba, ki bar shi haka. Kada ki zura muciya ko rodi, ƙara cusa abin za ki yi ciki, ko ki fasa kwanon.

Ina roƙon ki da babbar murya, kada ki haɗa magunguna. Ruwan bilic irin su Hypo da Jik, in ya gamu da maganin wanke ban-ɗaki mai asid, suna fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu, ga ban-ɗakunanmu ƙanana, wasu ko taga babu. Soda mai ƙuna da ruwan batir kuma, in ba su buɗe ba, suna nan kwance a kwano suna jiran hannu ko idon wanda zai zo gyara. In an riga an zuba, a gaya masa kafin ya fara. Kananzir da baƙin mai da wasu ke zubawa wai don rami ya sauka, ba sa saukar da komai, sai dai su kashe ƙananan halittun nan da ke cinye ƙazanta, su kuma bi ƙasa su gurɓata rijiya.

Ga dalilin da na ce kada a cusa kai a bakin rami. Iska iri biyu ke taruwa a ciki. Ɗaya tana kama wuta, don haka babu ashana, babu fitilar kwai, babu sigari a kusa da buɗaɗɗen rami. Ɗayar ita ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma makircinta shi ne in ta yi yawa hanci ya daina jin ta, mutum ya ɗauka ta tafi, sai kawai ya yanke jiki. Cikin mintoci kaɗan tana kisa. Sau da yawa ba mutum ɗaya take ɗauka ba, na farko ya faɗi, ɗan uwansa ya shiga ceto shi ma ya faɗi. Ko waya ce ta faɗa, ko zobe, ko akuya, kada ki yarda ɗanki ko almajirin gida ya shiga. Murfin da ya tsage kuma a matsa wa maigida ya sake shi a ranar, kada a rufe da kwano ko katako a ce sai an samu kuɗi, yara a kansa suke wasa.

Me ya sa na tsawaita a kan abin da wata za ta ce ai ƙyama ce kawai? Saboda ruwan nan da ya malalo shi ke ɗauke da kwalara, da taifot, da atuni, da tsutsar ciki, yaro mai rarrafe kuwa duk abin da hannunsa ya taɓa baki yake kai wa. A shekarar 1854 kwalara ta kashe fiye da mutum 600 a unguwar Soho ta birnin Landan. Wani likita, John Snow, ya bi diddigi ya gano daga famfon rijiya guda suke sha. Daga baya aka gano cewa wata uwa ce ke zuba ruwan wankin ƙunzugun jaririyarta mara lafiya a ramin masai, ramin kuwa yana yoyo, tsakaninsa da rijiyar bai kai mita 1 ba. Mu ma nan gida ba mu manta da 2021 ba, shekarar da alƙaluman hukumar NCDC suka nuna fiye da mutum 100,000 ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,500 suka rasu, jihohin Bauchi da Jigawa da Kano suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Masana lafiya suna son a bar kamar mita 30 tsakanin ramin ƙazanta da rijiya. A filayenmu na cikin gari ba kowa ke da wannan sarari ba, wani lokaci ma ramin maƙwabci ne ke jingine da rijiyarki ta bayan katanga. Saboda haka duk lokacin da sokawe ya yi ambaliya, naku ko na maƙwabta, ruwan rijiyar nan a tafasa shi kafin a sha. Masu jiran a fara ruwan sama da dare su buɗe rami ya bi kwata kuma, su sani a ƙofar gidan wani zai tsaya, kuma 'ya'yan unguwa a cikin ruwan nan suke wasa da safe. Duba-gari ma in ya gani ba zai ƙyale ba.

Wajen share wurin, ki sa takalmin roba, ki sa safar hannu ko ki ɗaura leda mai kauri. A kwashe ƙazantar tukuna, a wanke da sabulu, a ɗauraye, sannan a bi da ruwan bilic, gwangwani 1 a gwangwani 9 na ruwa, a bar shi minti 10 ƙofa a buɗe. Tabarma da darduma a wanke su sosai a shanya a rana mai zafi. Katifar da ta sha ruwan kuwa ba ta wankuwa har ciki, haƙuri za a yi da ita. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa abinci ko ki ba da nono. In wani a gidan ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a wuce da shi asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba.

'Yan uwana da ke gidan haya, inda ɗaki biyar ko shida ke tarayya a bututu ɗaya, ku zauna ku matan gidan ku yi magana guda a kan bokitin nan mai murfi, kuma da an ji ƙarar farko mazajenku su sanar da mai gidan, tun gyaran yana na kuɗi kaɗan. Wadda kuma ke shirin biki ko suna, ta sa a cikin lissafi, tare da itace da shinkafa, a ɗaga murfin camba a duba mako guda kafin taro, a kuma gwada ramin da gora. Haka nan a ƙarshen bazara, kafin ruwan farko ya sauka, lokacin da motar kwasa ke iya shiga lungu ba tare da ta kafe a taɓo ba.

A nan za mu dakata, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida yara.